Sirrin suna da kwanan wata: wanne aka saka, wanne aka ƙaƙaba?

Ranar 29 ga Yuli 1966 aka yi juyin mulkin da ya ɗora Yakubu Gowon kan mulkin Nijeriya. Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da shi. Duk wanda ya ji wannan sai ya ɗan yi jim, kuma irinsa ya cika wayoyin mutane: wane da wane sun rasu rana ɗaya, sunan wance ya yi daidai da adadin kaza, watan nan sai bayan shekara 823 za a sake ganin irinsa. Wasu na ɗaukar kowanne a matsayin ishara, wasu na zuba su duka a kwandon shirme. Duka ɓangarorin sun yi gaggawa, domin abubuwa biyu ne aka cakuɗa. Akwai ma'anar da wani ya saka da hannunsa cikin suna ko rana, da ƙa'idar da za a bi a fito da ita. Akwai kuma wadda aka tsinto bayan abu ya riga ya faru. Raba su ba ya buƙatar komai sai biro da takarda.

Ma'anar da aka saka da gangan ita ce mafi sauƙin ganewa, don Bahaushe da ita ya tashi. Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Lami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe, kowanne yana faɗar ranar haihuwa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Azumi ta zo cikin watan Ramalana, Audi kuwa mahaifinsa ya rasu kafin ya zo duniya. Ajuji da Ayashe suna ba da labarin uwar da ta sha wabi. Wanda ya fassara waɗannan ba duba ya yi ba, karanta abin da iyaye suka rubuta ya yi. Haka abin yake ga ranaku. Nijeriya ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba 1963, aka ƙirƙiro Zamfara da Gombe da Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996. Masu mulki ne suka zaɓi ranar don darajarta. Ƙasar Sin ta buɗe wasannin Olamfik a Beijin ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe takwas na dare, saboda a al'adarsu takwas lambar arziki ce. Tambayar farko ke nan a kowane lokaci: akwai wanda ke da ikon zaɓar wannan suna ko wannan rana?

Inda saka ma'ana ya zama fanni mai zaman kansa shi ne ramzi. Kowane baƙi na Larabci yana da adadi. Alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har ya mai 10. Daga nan a koma gomomi, kaf 20, lam 30, mim 40, nun 50, a wuce zuwa ɗaruruwa har dubu. Malaman ƙasar Hausa, musamman marubuta waƙoƙin ƙarni na 19 irin su Nana Asma'u 'yar Shehu, sukan rufe waƙa da kalma guda wadda jimlar baƙaƙenta take ba da shekarar Hijira da aka gama ta. Mawallafi yakan yi nuni da bakinsa cewa ga ramzi nan, ba ya barin mai karatu ya yi lalube. Ƙa'idar a fili take: baƙin da aka rubuta ake ƙirgawa, ba a ƙirga wasali, ba a ƙirga shadda. Shi ya sa sunan Muhammad yake ba da 92, wato mim 40, ha 8, mim 40, dal 4, ko da yake a furuci mim na tsakiya biyu ne. Jerin baƙaƙen bai dame lissafi ba, don haka mawaƙi yana da damar juya su har su ba da kalma mai daɗin faɗi. Shekarar 1232, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a cikinta, tana buƙatar shin da ra da lam da ba. Kalma kamar نبشر kuwa, nun 50, ba 2, shin 1000, ra 200, tana ba da 1252. Mai son ya mayar da ita shekarar Miladiyya sai ya raba adadin da 33, ya cire abin da ya samu daga adadin, ya ƙara 622. A nan 1252 a cire 38 a ƙara 622, ya zama 1836. Hanyar takan kauce da shekara guda, saboda shekarar Hijira kan ratsa shekarun Miladiyya biyu.

Ga inda masu karanta tsofaffin takardu suke tuntuɓe. Abajada, wato wannan tsari na ba kowane baƙi adadi, iri biyu ce. Ta Gabas, wadda Masar da Sham da Indiya suke bi, ita ce a yawancin littattafan da ake bugawa da manhajojin waya. Ta Magrib ita ce ta zo mana tare da rubutun allo, kuma baƙaƙe shida sun saɓa a tsakaninsu. A ta Magrib sodi 60 ne, lodi 90, sin 300, zadi 800, gain 900, shin 1000. A ta Gabas sin ne 60, sodi 90, shin 300, lodi 800, zadi 900, gain 1000. Wanda ya taɓa jin malami yana jera aiƙashi, bakara, jalasa ya ji ta Magrib ce: alif, ya, ƙaf, shin su ne 1, 10, 100, 1000, sannan jim, lam, sin su ne 3, 30, 300. To, in aka ɗauki نبشر ɗin nan aka auna ta da ta Gabas, 552 za a samu, an jefa waƙar baya da shekara 700 cif. Ko 786 da mutanen Indiya da Pakistan suke rubutawa a madadin Bisimilla, lissafin Gabas ne: 102 da 66 da 329 da 289. A lissafin Magrib sin ɗin farko ya ƙaru da 240, jimla ta koma 1026.

Ɗigo ma yana ɓata lissafi. Ba, ta, sa, nun da ya a tsakiyar kalma siffarsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su, amma adadinsu 2, 400, 500, 50 da 10 ne. Mai kwafa ya zame da ɗigo ɗaya, shekara ta tashi. A rubutun Magrib ƙaf ɗigonsa ɗaya ne a sama, fa kuma nasa a ƙasa yake, don haka wanda ya saba da bugun Gabas zai karanta ƙaf a matsayin fa, ya rubuta 80 a gurbin 100. Wani lokaci kuma ramzin na mai fassara ne ko na mai kwafa, ba na mawallafi ba. Duk da haka ramzi abu ne da ake iya tantancewa: ƙa'ida ɗaya, amsa ɗaya, kuma ana iya gwada amsar da tarihin rayuwar mai waƙar.

Hisabin sunaye da ake yi don neman sanin dacewar aure ko sa'ar kasuwanci da baƙaƙen nan yake aiki, amma tafiyarsa daban. Akan haɗa adadin sunan mutum da na mahaifiyarsa, a raba da 12, abin da ya saura a ce shi ne burujinsa. Ko a raba da 4 a ce ɗabi'arsa wuta ce ko ƙasa ko iska ko ruwa. Hukuncin addini a kan neman sanin gaibu ta wannan hanya sananne ne, hadisin da ke cewa ba a karɓar sallar kwana arba'in ta wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi yana cikin Sahihu Muslim. Malamin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya kawo wani lissafi da ake yi da sunayen sarakuna biyu masu yaƙi, ana zubar da tara tara don a gane mai rinjaye, ya kuma nuna ba shi da hujjar da ya tsaya a kai. Amma ko ta fuskar lissafi zalla aka duba, ginin ba ya tsayuwa.

A ɗauki sunan A'isha, عائشة. Ain 70, alif 1, babu gardama. Hamzar da ke kan ya, wasu suna ba ta 1, wasu 10. Shin 300 ne ko 1000, gwargwadon abajadar da aka bi. Ta kuri ta ƙarshe wasu suna ƙirga ta 5 don siffarta ta ha ce, wasu 400 don asalinta ta ce. Zaɓi uku, kowanne mai fuska biyu, sun haifar da adadi takwas: 377, 386, 772, 781, 1077, 1086, 1472 da 1481. A raba kowanne da 12, abin da ke saura shi ne 5, 2, 4, 1, 9, 6, 8 da 5. Buruji bakwai daban daban cikin sha biyu, daga suna ɗaya, tun ba a taɓa sunan uwa ba, wanda shi ma yana iya zuwa da nasa rassan. Usman 661 ne in an rubuta alif, 660 in an bar shi. Fatima 135 ce ko 530. Sannan wane sunan za a ɗauka, na yanka ko wanda aka fi sani? Binta ko Fatima, Habu ko Abubakar? Mai lissafin da ya riga ya san labarin ma'auratan, ko da zuciyarsa tsarkakakkiya ce, hannunsa zai karkata zuwa rubutun da ya dace da abin da ya sani. Wani abin kuma da bai kamata a wuce shi ba: a unguwa ɗaya za a sami Musa biyu da sunan uwayensu Hauwa. Adadinsu ɗaya, burujinsu ɗaya, ɗaya yana da shago uku, ɗaya yana neman na cefane.

Dabarar tara lambobi har su koma guda ɗaya ta fi wannan rauni. A ce 1975, 1 da 9 da 7 da 5 sun ba da 22, 2 da 2 sun ba da 4. Kowane adadi a duniya dole ya faɗa tsakanin 1 da 9, don haka kowane abu biyu da aka ɗauko suna da damar haɗuwa sau ɗaya cikin tara. Wanda ya gwada shekarar haihuwa da ranar aure da lambar gida da lambar mota, da wuya ya tashi hannu rabbana.

A ɓangaren ranaku, abin da ke ruɗar mutane shi ne suna ƙirga mutane, alhali haɗe haɗen da ke tsakaninsu ya kamata a ƙirga. A aji mai ɗalibi 23, damar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Yana kama da ƙarya, amma mutum 23 suna ba da haɗin biyu biyu har 253, wato 23 sau 22 a raba biyu. In sun kai 30 damar ta kai kashi 70, in 50 ne kashi 97, in 70 ne kusan tabbas. Damar wani ya zo daidai da ranarka kai kaɗai ita ce ƙarama. Damar wani ya dace da wani babba ce.

Da wannan ma'auni za a auna 29 ga Yuli. Manyan juyin mulki da yunƙurinsa da aka fi ambato a Nijeriya takwas ne: 15 ga Janairu 1966, 29 ga Yuli 1966, 29 ga Yuli 1975, 13 ga Fabrairu 1976, 31 ga Disamba 1983, 27 ga Agusta 1985, 22 ga Afrilu 1990 da 17 ga Nuwamba 1993. Haɗinsu 28 ne, damar biyu su faɗa rana ɗaya kusan kashi 7 cikin 100. Ba babba ba ce, gaskiya. Sai dai mai neman dace ba ya tsayawa a kan juyin mulki. Yana zuba ranakun rasuwa da na rantsarwa da na ƙarshen yaƙi a tukunya ɗaya, shi ya sa yake tsinto cewa an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, yaƙin basasa kuma ya ƙare a hukumance ranar 15 ga Janairu 1970. Da ranaku talatin a hannu, rashin samun dace ne zai zama abin mamaki. Ga kuma sanadi na zahiri: a ranar da aka cire Gowon yana Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma lokacin da shugaba ba ya gida shi ne lokacin da masu juyin mulki suke so.

Kalanda kanta tana da tarko. An daɗe ana cewa marubuta Shakespeare na Ingila da Cervantes na Sifaniya sun rasu rana ɗaya, 23 ga Afrilu 1616. Sifaniya ta koma sabuwar kalanda tun 1582, Ingila sai 1752, don haka kwana goma ne tsakanin lissafinsu, 23 ga Afrilun Ingila 3 ga Mayu ce a Sifaniya. A wajenmu kwanan watan Musulunci yana iya bambanta da kwana guda tsakanin Nijeriya da Nijar da Saudiyya saboda ganin wata, kuma yini yana farawa daga magariba. Yaron da aka haifa Alhamis bayan isha'i, a asibiti ɗan Alhamis ne, a wajen kakarsa ɗan daren Juma'a ne. Mutane da dama kuma kwanan watan da ke takardunsu, musamman 1 ga Janairu, cike gurbi aka yi da shi don ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Duk lissafin da aka ɗora a kan irin wannan rana, a kan ƙiyasin ma'aikacin ofis aka ɗora shi.

Saƙon da ke cewa wata mai Juma'a biyar, Asabar biyar, Lahadi biyar sai bayan shekara 823 yake dawowa kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Duk wata mai kwana 31 da ya fara ranar Juma'a dole ya sami Juma'a biyar, Asabar biyar, Lahadi biyar, domin mako huɗu kwana 28 ne, ragowar ukun su ne suke maimaituwa. Disamba 2023 haka yake, Maris 2024 haka, Agusta 2025 haka.

Jerin da ya fi shahara a duniya shi ne na shugabannin Amurka biyu, Lincoln da Kennedy, kuma yana nuna yadda ake haɗa irin wannan kaya. An zaɓi Lincoln a 1860, Kennedy a 1960. An zaɓe su majalisa a 1846 da 1946. Duka ranar Juma'a aka harbe su. Waɗanda suka gaje su duka sunansu Johnson, an haife su a 1808 da 1908. Waɗannan gaskiya ne. Sai aka cusa ƙarya a tsakani: wai Lincoln yana da sakatare mai suna Kennedy, alhali sakatarorinsa John Nicolay ne da John Hay. Wai makasansu an haife su a 1839 da 1939, alhali wanda ya harbi Lincoln ɗan 1838 ne, an matsar da shekara guda don ta shiga layi. Abin da bai dace ba kuma aka yi gum da shi. An haifi Lincoln a 1809, Kennedy a 1917. Ɗaya ya mutu a Afrilu 1865 yana da shekara 56, ɗaya a Nuwamba 1963 yana da 46. Ɗaya an sake zaɓensa, ɗaya bai gama zangon farko ba. Dubban bayanai ne a rayuwar kowannensu, aka tsamo 'yan kaɗan da suka haɗu. Maharbi ne ya sakar wa bango kibiya, sannan ya je ya zana da'ira a inda ta kafe.

Da abin ya tsaya a nishaɗi da ba a damu ba. Wani Bamisire mazaunin Amurka, Rashad Khalifa, ya fito a shekarun 1970 da da'awar cewa Alƙur'ani gaba ɗaya an gina shi a kan adadin 19. Mutane da yawa sun karɓa da murna. Da ƙirgarsa ta ƙi daidaita, sai ya ce ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba ba sa cikin Alƙur'ani, daga baya ya yi da'awar manzanci, malamai suka yi watsi da shi. Lissafin da aka kawo don ya yi wa nassi hidima ya koma yana yanke wa nassi hukunci. Mafi muni shi ne abin da ya faru ranar 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga Nuwamba 1979, lokacin da Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami da makamai. Cikin abin da suka riƙa har da cewa sunan surukinsa Muhammad ɗan Abdullahi ne kamar yadda ya zo a siffar Mahadi, ga shi kuma an shiga sabon ƙarni. Masu suna Muhammad ɗan Abdullahi a duniyar Musulmi ba su ƙirguwa, sabon ƙarni kuma duk shekara ɗari yana zuwa. An yi mako biyu ana ɗauki ba daɗi, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, wanda aka kira Mahadin yana cikin waɗanda suka mutu.

Saboda haka in an kawo maka wani dace, fara da duba kowane kwanan wata da kowane suna ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa a nan maganar take mutuwa. Ka tambayi da wace kalanda aka yi, da wace abajada, da wane rubutun suna. Ka nemi jerin abin da aka gwada bai dace ba. Abu mafi nauyi shi ne lokaci: an faɗi ƙa'idar kafin abin ya faru ko bayansa? Duk wata ƙa'ida da ake cewa tana nuna makomar aure ana iya gwada ta a takarda. A rubuta ta a kulle, abajada ɗaya, hukunci ɗaya a kan hamza da ta kuri, sunan yanka kawai. A tattaro sunayen aure 40, rabi suna nan rabi sun mutu, wani ya riƙe amsar, wani da bai san mutanen ba ya yi lissafin. Jefa kwabo ma zai ba da wajen 20 daidai. Samun 25 ko sama yana faruwa da sa'a kawai kusan sau 8 cikin 100, don haka bai isa hujja ba. Sai an kai 30 ne damar sa'a take sauka zuwa kusan ɗaya cikin dubu, kuma ko an kai ɗin sai an maimaita da wasu sunaye 40 na daban ba tare da an taɓa ƙa'idar ba.